Yadda ake goge layin ƙaramin jirgin ƙasa da kayan gida, da darasin da ke ciki ga ramin cajin wayarka

Duk mai yawan kallon YouTube ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon 'yan ƙananan jiragen ƙasa suna ratsa wani ɗan gari da aka gina a kan tebur ba, ga tasha, ga gada, ga fitilun kan titi suna ci. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan wannan sha'awa ce ta manya har da tsofaffi, kuma da ita kamfanoni irin su Märklin na Jamus, wanda aka kafa tun 1859, da Hornby na Ingila da Kato na Japan suke cin abinci. A birnin Hambug akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda tsawon layin da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne goge layi, aikin da ba ya ƙarewa. Mutanen nan sun shafe shekaru suna fama da tambaya ɗaya: yaya za a cire datti daga tsakanin ƙarafa biyu da wuta ke bi ba tare da an lalata ƙarfen ba? Tambayar da ke gaban wanda wayarsa ta ƙi caji sai ya karkata kebul ke nan. Don haka za mu koyi aikin a kan layin dogo, inda komai yake a fili ido yana gani, sannan mu kai shi ramin caji inda wurin ya matse.

Me ya sa ɗan datti ke tsayar da jirgi

Jirgin Abuja zuwa Kaduna da injinsa na dizal yake tafiya, nauyinsa layin ke ɗauka. Ƙaramin jirgin da muke magana a kai kuwa ba shi da mai, ba shi da batir. Ƙarafa biyun layin su ne wayoyinsa na wuta. Wuta tana shiga ta ƙarfe ɗaya, ta hau ƙafafun kan jirgin na wannan gefe, ta bi ta cikin injin lantarkinsa, ta sauka ta ƙafafun ɗaya gefen ta koma. Jiragen Märklin sun ɗan bambanta, su ta wasu 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar layi suke ɗaukar wuta, amma ƙa'idar ba ta sauya ba.

Girman da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, tazarar ƙarafansa milimita 16.5. Akwai N da ya fi shi ƙanƙanta, mai milimita 9. Inda ƙafa ke taɓa layi a irin wannan girma bai wuce ɗigon biro ba, kuma jirgin ba shi da nauyin da zai murƙushe datti. Ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu, biyu ne kawai a kowane gefe. Idan ƙwayar ƙura ta ɗaga ɗaya, ɗayar kuma ta faɗa kan maiƙo, wuta ta yanke.

A tsohon tsari, mai wutar DC daga 0 zuwa 12V, abin da za ka gani shi ne jirgi yana tafiya yana tuntuɓe, fitilarsa tana ƙyaftawa. A sabon tsarin da ake kira DCC abin ya fi haka ciwo, kuma nan ne ya fi burge ni a matsayina na mai rubuta manhaja. Wutar tana kan layi a koyaushe, kusan 14V zuwa 16V a girman HO, kuma a jikinta ake saƙa umarni. Tana juya alƙibla sau dubbai a sakan ɗaya. Idan rabin juyin ya ɗauki kusan maikirosakan 58, alamar 1 ce. Idan ya kai 100 ko ya haura, alamar 0 ce. Maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar dikoda mai adireshinta, tana sauraron saƙon da ke ɗauke da lambarta. Saƙon ya ƙunshi adireshi, da umarni, da wani bait na ƙarshe da ake tantance sahihancinsa da shi ta lissafin XOR. Idan datti ya gurɓata saƙo, dikoda za ta watsar da shi ta jira, domin na'urar sarrafawa tana maimaita aikowa. Wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce wutar da ke ɗauke da saƙon ita ce kuma abincin dikodar. Ta yanke na ƙiftawar ido, dikoda ta mutu ta tashi sabuwa, jirgi ya tsaya cak, idan mai sauti ne ya sake tayar da inji daga farko.

Yau da wayar hannu mutane da yawa ke tuƙa waɗannan jirage, ta manhajar Z21 ta kamfanin Roco ko Engine Driver ta Android da ke aiki da JMRI. Komai kyawun manhajar, idan saman ƙarfen ya yi datti, dannawa kawai kake yi.

Baƙin da ke kan layin

Ka shafa farin ƙyalle a layin da ya yi wata ba a goge ba, za ka ga zane biyu baƙi wuluk. Ba ƙura ce kaɗai ba. Akwai man da ya zubo daga giyar jirgi, akwai maiƙon yatsun mutum, sannan akwai wanda wutar da kanta take haifarwa. Duk lokacin da ƙafa ta ɗan rabu da layi ta dawo, wani ɗan tartsatsi da ido ba ya gani yakan tashi ya ƙona saman ƙarfen. Tokar wannan ƙuna ta haɗu da mai da ƙura ta zama danƙo. Danƙon ya ƙara hana ƙafa zama, tartsatsi ya ƙaru, danƙo ya ƙaru. Shi ya sa layin da ya fara datti yake saurin lalacewa fiye da wanda aka riƙa kula da shi.

Kafin ka taɓa komai ka san irin ƙarfen. Yawancin layukan zamani haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zink, mai launin azurfa ko da yake babu azurfa ko kaɗan a ciki. Ba ya tsatsa, kuma yana jimawa bai dushe ba. Tsofaffin layuka akwai na tagulla masu launin rawaya, su da wuri suke dushewa su hana wuta bi. Akwai kuma na baƙin ƙarfe da aka yi wa ɗan siririn rufi, waɗanda ke tsatsa da zarar rufin ya kankare. Gwajin ba wuya: ɗora mayen ƙarfe. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, ka nisanta shi da ruwa.

Gogewar kanta

Kayan aikin duk suna gida: tsohon yadin auduga fari wanda ya sha wanki har ya daina zubar da zare, ɗan guntun katako kamar girman kwalin ashana, burushin fenti mai laushi, da sifirit irin na kyamis. Idan ka samu wanda aka rubuta isopropyl kashi 90 ko sama a jikinsa ya fi, don ruwan da ke ciki kaɗan ne, yana saurin bushewa.

Cire wuta daga soket tukuna, ka sauke jiragen. Fara da share ƙura a bushe da burushi, domin ƙurar da aka jiƙa taɓo take zama, ta shige lungunan da ba za ka iya kaiwa ba. Sai ka naɗe katakon da ƙyallen ka ɗiga sifirit, ya jiƙu amma kada ya riƙa ɗiga. Amfanin katakon shi ne ƙyallen zai zauna a saman ƙarafa biyun kaɗai, ba zai lotsa ya taɓa robar da ke riƙe da su ko fentin da aka yi wa gefen layi ba. Ja shi a tsawon layin, ka duba, ka matsa zuwa wuri mai tsabta a jikin ƙyallen, ka sake ja. Wanda ya ci gaba da gogewa da inda ya yi baƙi raba dattin kawai yake yi daga nan zuwa can. Ka ɗan karkata hannu ka bi gefen ciki na saman ƙarfen, musamman a kwana, don a nan leɓen ƙafar jirgi ke gugar layi. Ka ƙarasa da busasshen ƙyalle.

Wani abu da ke ruɗar sabon shiga: ƙarfen nan mai launin azurfa ko ya fita tas zai ci gaba da barin ɗan toka-toka a farin ƙyalle. Kada ka ce sai ƙyallen ya fito fari fat. Da zarar baƙin mai danƙo ya daina fitowa, ka tsaya.

Idan dattin ya daskare, ko fenti ko gam ya ɗiga a kan layi, ka kankare da abin da ya fi ƙarfen laushi. Sandar askirim ta katako tana yi, farce ma yana yi. Guntun katakon silin irin mai gefe ɗaya santsi ɗaya kaushi ya fi su duka, da gefen mai kaushi ake gogewa. Masu wannan harka sukan rataya irinsa a ƙarƙashin tarago ya riƙa jan ƙasa, jirgi yana yawo yana share wa kansa hanya. Kilinar fensir mai laushi tana ɗauke dushewar tagulla, sai dai ka share ɓurɓushinta kafin ya shiga giya.

Tsatsa a layin baƙin ƙarfe kuwa sai an ciro layin daga tebur. A shafa ruwan khal da tsohon burushin haƙori, a bar shi 'yan mintuna, a goge, a ɗauraye, a busar nan take a rana. Idan tsatsar ta ci ta bar ramuka, a haƙura da wannan guntun a sauya shi.

Abubuwan da ke gyara yau su ɓata gobe

Nan ne yawancin ɓarna take faruwa, domin duk abin da zan ambata yana sa layi ya yi ƙyalli a ranar farko.

Sanfefa ita ce ta farko. Tana cire datti cikin sakanni, amma tana barin dubban 'yan tsagogi a saman ƙarfen. Kowace tsaga maɓoyar datti ce da ƙyalle ba zai iya shiga ba, kuma kaushin yana ƙara tartsatsi. Layin da ake gogewa duk wata sai ya koma neman guga duk mako. A layin baƙin ƙarfe kuma ta kankare rufin da ke kare shi daga tsatsa. Robar goge layi da shagunan wannan harka ke sayarwa ma da ɗan yashi a jikinta, a ganina ba abin amfanin yau da kullum ba ce, sai bayan an yi fenti ko layi ya shekara a ajiye.

Soson ƙarfe na wanke tukunya ya fi sanfefa haɗari. Yana zubar da 'yan silallan ƙarfe, injin jirgin kuma da mayen ƙarfe a cikinsa. Jirgi yana wucewa zai tsince su ɗaya bayan ɗaya, su taru a giya ko su haɗa wuta a inda bai kamata ba. Dikoda tana iya ƙonewa a kan haka.

Ruwan goge jan farce yana narkar da roba, kuma ƙarafan layi a kan roba suke zaune. WD-40 na gama-gari da man keken ɗinki suna barin maiƙo mai kama ƙura, ƙafa ta riƙa sulɓi a hawa, kuma suna lalata 'yan zoben robar da ake sa wa ƙafafun wasu jirage don su kama layi. Sanitaizar hannu ko da yake da sifirit a ciki, an haɗa ta da gilisarin don kada fata ta bushe, shi kuma yana zama a kan ƙarfe bayan sifirit ɗin ya tashi.

Shi kansa sifirit ɗin akwai masu ja a kansa. A 2019 mujallar Model Railroad Hobbyist ta Amurka ta kawo bayanin cewa ruwaye irin su sifirit suna barin saman ƙarfe a yanayin da tartsatsi ke saurin dawowa, alhali dangin man fetur marasa nauyi, har da kananzir, suna sa layi ya jima bai yi baƙi ba. Mutane da dama sun bi wannan shawara. Ni dai ga mai farawa sifirit nake zaɓa: yana bushewa ya tafi bai bar komai ba, ba ya cin zoben roba kamar yadda mai ke yi, kuma ba ya cika ɗaki da wari. Idan aka ce sai an riƙa maimaitawa, ƙyalle da ɗigo biyu ne. Ko wanne ka ɗauka, duka suna kama wuta, ka buɗe taga ka nisanci risho.

Bayan an goge, akwai dabarar fensir. Bakin fensir sinadarin girafait ne, wuta tana bi ta cikinsa. Ɗan zane kaɗan da fensir mai laushi irin 2B a gefen ciki na saman ƙarfen, nan da can, ƙafafu za su baza shi, tartsatsi ya ragu. Idan har kana ganin zanen da ido, ya yi yawa, jirgi zai kasa hawa tudu.

Ƙafafu, da yadda za ka gane mai laifi

Layi mai tsabta da ƙafafu masu datti aikin banza ne, zagaye biyu sun mayar da baƙin. Na tarago da tsinken goge kunne da sifirit ake bi, ana juya ƙafar da yatsa. Na kan jirgi kuwa ba a juya su da ƙarfi, don giya ce ke riƙe da su. Shimfiɗa 'yar takardar goge hannu mai kauri da aka jiƙa a kan layi, ka ɗora rabin ƙafafun a kanta, rabin a kan ƙarfe, ka riƙe jirgin a hankali ka ba shi wuta kaɗan. Ƙafafun za su juya a kan takardar su bar baƙinsu. Sai ka juya shi ka yi wa sauran.

Idan har yanzu yana tsayawa, ka yi abin da muke yi in manhaja ta ƙi aiki: sauya abu ɗaya ka bar sauran yadda suke. Duk jirage a wuri ɗaya suke tsayawa? To ba saman layi ba ne, duba 'yan maƙalan ƙarfe da ke haɗa guntu da guntu, sukan saki, ɗan matsi da filaya ya isa. Jirgi ɗaya ne ke tuntuɓe a ko'ina sauran suna tafiya lafiya? Matsalar a jikinsa take, yawanci gashi ko zare ne ya naɗe a inda siraran ƙarafan ɗaukar wuta ke gugar bayan ƙafa.

Mu dawo kan waya

Cikakken ramin USB-C yana da 'yan ƙarafa 24, sha biyu a kowane gefe na wani siririn harshe da ke tsakiya, tazarar ɗaya da ɗaya rabin milimita. An yi musu rufin zinare siriri sosai don kada su dushe. Kamar layin DCC, nan ma wuta da saƙo a rami ɗaya suke. Akwai ƙarfen da ake kira CC, ta kansa caja da waya suke fahimtar juna. Idan kebul ɗinka USB-C ne kai da kai, cajar ba za ta saki ko 5V ba sai ta ji waya ta wannan ƙarfe, kuma ta nan ake cinikin saurin caji. Datti a kansa kaɗai ya isa ya sa waya ta koma caji a hankali ko ta ƙi gaba ɗaya, alhali batir da caja lafiyarsu ƙalau.

Dattin da ya fi yawa a nan zaren aljihu ne da ƙura, wanda lokacin hunturu ke ninkawa. Duk sa caji kana tura shi ciki kana danne shi, har ya zama kamar tabarma a ƙasan ramin. Alamarsa ita ce kan kebul ba ya shigewa har ƙarshe, ba ka jin ya kama, ɗan motsi ya zare.

Fara da sauya abu ɗaya: gwada wani kebul, sannan wata caja. Kan kebul shi ne ƙafafun jirgi a wannan lissafi, ka goge shi da ƙyalle mai ɗan sifirit bayan ka zare shi daga wuta. Idan ramin ne, kashe wayar, ka haska ciki da tocilan wata wayar. Ɗauki tsinken sakace na katako ka fiƙe bakinsa da reza ya yi faɗi siriri. Saka shi ta gefen harshen, ka jingina shi da bangon ramin, ka kai ƙasa ka yaƙuto dattin zuwa waje a hankali. Harshen kuwa kada ka danna shi ko ka ɓanɓare shi, in ya karye aiki ya koma na mai gyara. Ka ƙarasa da busasshen burushin haƙori mai laushi, ramin yana kallon ƙasa.

Allura da fil su ne sanfefar wannan wuri. Suna kankare rufin zinaren, kuma ƙarfe ne a tsakanin ƙarafan da rabin milimita ya raba. Hurawa da baki tana shigar da danshi. Dabarar fensir da ta yi amfani a layin dogo a nan guba ce, don ƙarafan layi milimita 16.5 ke tsakaninsu, na waya kuwa ƙurar girafait kaɗan za ta haɗa su. Kananzir da mai kada ma su matso. Idan wani abu mai danƙo ne ya shiga, kamar lemo ko shayi, ɗan jiƙa bakin burushin da sifirit mai ƙarfi, ba zubawa ba, ka bar wayar a kashe ta bushe sosai kafin ka sa caji.

Idan ruwa ne ya shiga, shawarar Apple ga masu iPhone ita ce a ɗan bubbuga wayar a tafin hannu ramin yana kallon ƙasa, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa, bushewar tana iya kai wa yini guda. Sun hana cusa auduga ko takarda a ramin, sun kuma hana binne ta a shinkafa. Sa caji a ramin da ke da danshi shi ke cinye ƙarafan, don wuta da ruwa idan suka haɗu a kan ƙarfe cikin ɗan lokaci suke yin aikin da tsatsa za ta yi a watanni.

Idan ka haska ka ga kore-kore a kan ƙarafan, ko wani ya baƙe kamar ya ƙone, ko harshen yana motsi, tsinke ba zai yi maganinsa ba, sai mai gyara. A wayoyin Android da yawa ramin caji yana kan wani ƙaramin allo daban a ƙasan wayar, wanda ake cirewa a sa sabo ba tare da an kai zafi kusa da babban allon ba. Ka tambayi mai gyaran ko wayarka irin wannan ce kafin ka yarda ya kunna na'urar hura zafi.